Tagar Yaya

Har yau Tebur Ɗaya ake ce masa, ko da yake teburan gidan abincinsa sun kai ashirin da biyu. Sunan ya bi shi ne tun yana saurayi, lokacin da ya bar aikin wanke-wanke a kicin ɗin wata masana'anta, ya sayi wani tsohon tebur mai guntuwar ƙafa, ya tokare ƙafar da bulo, ya kafa shi a bakin titi tsakanin shagon tela da na mai gyaran rediyo. Tukwane biyu gare shi, ta shinkafa da ta miya. In mutum huɗu suka zauna, na biyar sai dai ya ci a tsaye. Wanda ya fara zama a teburin nan shi ne telan da ke maƙwabtaka da shi. Ya ci, ya lashe cokali, ya ce, "Miyar ba laifi. Teburin ne dai ke rawa kamar ya ji kiɗa."

Shekara uku yana fama shi kaɗai kafin yayarsa ta zo. Mijinta ne ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Ta girme shi da shekara tara, ita ta goya shi, kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta, ko a gaban wa. Da ta ga yadda yake zuba abinci da hannu ɗaya yana wanke kwano da ɗayan, ta ce, "Matsa, Auta, kafin ka ba mutane ruwan sabulu su sha." Daga ranar ba ta sake komawa gida zaman banza ba.

Sannu a hankali suka kama ɗakin da ke bayansu, sannan mai gyaran rediyo ya tashi suka haɗa da nasa. Aka yi kicin a baya, wurin cin abinci a gaba, aka huda taga a bangon da ya raba su. A bakin tagar nan Yaya ta tsaya shekara ashirin da huɗu, kafaɗa ɗaya a jingine da bango, ido a kan ƙofa. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka haife ta.

Ita ba ta kiran abinci da sunansa, da sunan mai ci take kira. Mutum bai gama shigo da ƙafarsa ta biyu ba za ka ji ta ɗaga murya ta taga.

"Dogo! Na direban tanka!"

Dogo shi ne kukunsu, mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga kicin. Da ya ji haka ya san shinkafar gindin tukunya ake nufi, wadda ta ɗan kama, da miya a gefe. In ta ce na Malamar asibiti, ya san babu gishiri. In ta ce na Mai Gilashi, kifi ne, amma a cire kai, don shi ba ya son abinci yana kallonsa. In Dogo ya manta, ita ba ta mantawa. Ko da ƙamshi takan gane an yi kuskure, ta tura farantin ya koma inda ya fito.

"Yaya, direban nan ba ya gajiya da ƙanzo ne?"

"Kai ka gaji da tsawo? Zuba masa."

Shi Tebur Ɗaya wurinsa kantar karɓar kuɗi ne, kusa da ƙofa, da zuwa kasuwa da safe. Kiran da Yaya take yi ya saba jin sa kamar ƙarar fanka, ba ya ma lura. Telan nan kuwa ya tsufa, ya bar wa ɗansa keken ɗinki, ya zama Baba Tela. Kullum da rana yakan shigo ya wuce kai tsaye teburin lungu, ya zauna yana fuskantar bango. Yaya da kanta take kai masa nasa, a wani shuɗin kwano mai zurfi da cokali mai kaurin mariƙi. Tebur Ɗaya ya ɗauka tsohon yana son lungun ne saboda iska, kwanon kuma rigimar tsufa ce. Bai taɓa tambaya ba.

'Yarsa ta fari, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa yake ce mata Mamana, ta gama karatun kwamfuta ta dawo gida a shekarar da aka gama wani bene mai hawa shida a tsallaken titi. Labari ya zo cewa ofisoshi za a zuba a ciki, ma'aikata sun fi ɗari uku, kuma hutun cin abincinsu awa ɗaya ne tak. Tebur Ɗaya ya tsaya a ƙofa yana kallon gilasan benen, yana jin kansa kamar ranar da ya sayi teburin farko. Ya san idan waɗannan suka shigo sau ɗaya suka tarar da layi da ihu ta taga, gobe wani wuri za su.

"Mamana, karatun nan naki yau ranarsa. Ki tsara mana yadda za mu ɗauke su."

Kwana biyar tana zaune a lungu da littafi tana kallon yadda aiki ke tafiya. Ma'aikata suka sa mata Injiniya. Rana ta shida ta manna wata babbar takarda a bangon ɗakin ajiya, ta kira shi, ta tsaya a gaban buhunan shinkafa tana nuna masa da biro. Mataki uku ta yi. Na farko, za ta tsaya wata guda cur a gefen Goggonta a bakin taga, duk tsohon mai zuwa da ya shigo ta rubuta yadda yake cin abincinsa, ta shigar a kwamfuta, ta yadda ko wa ke karɓar oda, da ya taɓa sunan mutum bayaninsa zai fito. Na biyu, a kawo na'urori: ƙaramar kwamfuta a kanta, allo a kicin da zai nuna wa Dogo abin da aka nema, kowane tebur da lambarsa. A ɗan yi mako biyu ana haɗa tsohuwar hanya da sabuwa har hannu ya faɗa. Na uku, karɓar oda ta waya da kai abinci ofisoshi, in abin ya kankama a yi tunanin reshe na biyu.

Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Yaushe ake buɗe benen?"

"Saura mako uku, Baba."

"To na farkon nan ya cinye wata guda shi kaɗai. Cire shi."

"Baba, ai shi ne gindin abin. Abin da ke kan Goggo babu shi a ko'ina. Ranar da ta bar tagar nan, shi ke nan."

"Me ke kan nata? Wannan ba ya son gishiri, wancan ba ya son kan kifi. Ba su da baki ne? Su faɗa mana."

Don ya kashe maganar ya leƙa ya kira Yaya. Ta shigo tana goge hannu da gefen zane.

"Yaya, mutum nawa ne kika san cinsu a nan?"

"Ni na ƙirga ne, Auta? In na ga fuskar mutum nake tunawa."

"To faɗa mana kamar goma."

Ta kalli rufi. Ta kawo direban tanka, ta kawo Malamar asibiti, ta kawo wasu uku, sai ta yi dariya ta ce, "Kai, ku bar ni, shinkafa na jira." Ta fita.

Ya dubi 'yarsa ya buɗe hannuwa. "Kin gani? Mutum biyar. A kan mutum biyar za mu bar ɗari uku su wuce?"

"Ba ka ji abin da ta ce ba, Baba. Ta ce sai ta ga fuska."

"Na ji. Cire shi. In ƙura ta lafa ma dawo kansa."

Ta ja layi a kan matakin farko, a hankali. In yana ba da labarin nan yanzu, a nan yakan tsaya ya ce yarinyar ta faɗa masa gaskiya da bakinta, a gaban buhun shinkafa, shi ne bai da kunne.

Da masu haɗa na'ura suka zo, suka duba kicin suka ce babu inda allon zai zauna Dogo ya gan shi daga murhu sai daidai inda tagar take. Abinci kuma ta sabuwar ƙofar gefe zai riƙa fita. Tebur Ɗaya bai yi shawara da kowa ba. Ranar da ba sa buɗewa ya kira magini aka toshe tagar da bulo, aka shafe da siminti. Ya yi niyyar ya biya ta gidan Yaya ya gaya mata, sai zancen wayoyin lantarki ya ɗauke masa hankali.

Washegari da safe ta shigo, ta ajiye jakarta inda ta saba, ta juya ta tarar da bango. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sa yatsa ta taɓa simintin.

"Bai ma bushe ba," ta ce.

Ya matso da fara'arsa da ya shirya tun a hanya. "Yaya, ƙarin girma na yi miki. Daga yau ke ce shugabar ɗakin ajiya. Ga makullai, ga kujera mai taushi na saya miki. Shekara ashirin da huɗu a tsaye, ai ƙafafun nan sun cancanci hutu."

Ta karɓi makullan ta juya su a tafin hannunta. "Su suka ce maka sun gaji?"

"Haba Yaya."

"To, Auta. Allah ya sa albarka."

Kuma tsarin ya yi aiki, wannan ba a ƙwace masa ba. Ranar da aka buɗe benen, ma'aikata suka tsallako cikin takalma masu ƙyalli, kowa ya faɗi abin da yake so a kanta, aka taɓa kwamfuta, aka miƙa masa lambar tebur, minti shida abinci na gabansa. Dogo da ya rantse shi ba zai karɓi umarni daga talabijin ba, cikin mako guda ya koma yana yi wa allon magana kamar abokinsa. Wayar oda ba ta hutawa. Aka ɗauke teburin lungu aka kafa kantar jera abincin da za a kai ofisoshi. Tebur Ɗaya yana tafiya kamar ƙasa ba ta ɗaukarsa. Wuri a cike yake, don haka bai lura da waɗanda suka daina zuwa ba. Malamar asibiti ta faɗi zancen gishirinta sau uku ga mutum uku daban-daban, a na huɗu aka manta, ba ta yi faɗa ba, ta dai koma zuwa da abincinta daga gida.

Baba Tela ya yi 'yar jinya a lokacin, sai a mako na biyu ya shigo. Ya nufi lungunsa ya tarar da kanta cike da ledoji. Sabuwar ma'aikaciyar da ke karɓar oda ta yi masa sannu da ladabi, ta ba shi lamba goma sha huɗu, tebur ne a tsakiyar wuri, ƙarƙashin fitila. Aka kawo masa shinkafa da miya a farin faranti shimfiɗaɗɗe da siririn cokali, kamar kowa.

Tebur Ɗaya yana kanta, waya a kunne, wani ofis na ba shi odar mutum talatin. Ta gefen ido ya ga tsohon ya ɗaga cokali, cokalin ya kaɗa, miya ta zubo a gaban farar rigarsa. Ya sake gwadawa, shinkafa ta watse a tebur. Wasu 'yan mata a teburin kusa suka kawar da kai. Wani saurayi mai kirki ya taso da takardar goge hannu ya ce, "Baba, in taimaka maka?" Baba Tela ya ajiye cokalin. Ya miƙe, ya kama gaban rigarsa ya dunƙule inda miyar ta ɓata, ya fita. Tebur Ɗaya ya ce a ransa, tsufa ke nan, anjima zan leƙa in gaishe shi. Sannan ya ce wa mai waya, "Kaza nawa kuka ce?"

Dogo ne ya gaya wa Yaya. Ta fito daga ɗakin ajiya, abin da ba ta yi ba tun da aka ba ta kujerar, ta tsaya a gaban kanta.

"Wa ya ba Tela faranti?"

"Yaya, tsari ne. Na'ura ce ke..."

"Na'ura tana da hannu ne?"

Mutane na layi suna kallo. Ya rage murya ya ce, "Don Allah ki bari a tashi, ma yi magana." Ta dube shi irin kallon da take yi masa yana yaro in ya yi ƙarya, ta koma. Da aka tashi shi yana kasuwa neman kaji, maganar ba a yi ta ba.

Wata biyu bayan haka ɗan Yaya, wanda ya daɗe yana roƙonta ta koma wurinsa a wani gari ta zauna da jikoki, ya zo da mota. Wannan karon ba ta ce masa a'a ba. Ta miƙa wa ƙanenta makullai ta ce, "Ga su. Ba abin da ya ɓata. Ba kuma abin da na yi." Ya ce ta huta ta dawo, ta ce to. Har ga Allah ya ɗauka hutun za ta yi.

Anjimar da zai leƙa Baba Tela ta zama gobe, gobe ta zama wata biyar. Shagon ɗinkin yana jikin bangonsa, gidan tsohon kuma tafiyar minti goma ce. Wata safiya ya zo ya ga shagon a rufe, aka ce ai Baba Tela ya rasu.

Ya je gaisuwa. Da zai tafi ɗan marigayin ya biyo shi waje da wani abu a leda. Shuɗin kwanon ne da cokalinsa.

"Na Yaya ne. Kullum da rana ita take kawo masa abinci a ciki har ta yi tafiya. Ya ce in an ga hali a mayar."

"Yaya take kawo masa? Nan gidan?"

"Au, ba ka sani ba? Ai mun ɗauka kai kake aiko ta." Ya dubi kwanon. "Shekara bakwai hannunsa na rawa, shi ya sa ya bar keke. Ko mu ba ya yarda mu ga yana cin abinci. A wurinku ne kawai yake iya ci cikin mutane, don Yaya ta san kwanon da ba ya zubar masa, tana kuma zaunar da shi inda ba mai ganin hannunsa. Da ta tafi ya ce kar a je a dame ka, aiki ya yi maka yawa."

Tebur Ɗaya ya ce bai san yadda ya kawo kansa gidan abinci ba ranar. Ya shiga ɗakin ajiya. Takardar 'yarsa na nan a bango, gefenta ya naɗe, layin da aka ja a kan matakin farko yana nan. Ya kira ta ya ce, "Mamana, ɗauko littafinki. Gobe za mu wurin Goggonki."

Suka tarar da ita a tsakar gida tana tsefe wa jikarta kai. Ta yi murna da ganinsu, ta yi masa tsiyar tumbin da ya ajiye. Da ya fito da kwanon ta karɓa ta riƙe a cinya, ta yi wa mamacin addu'a. Ya ba ta haƙuri, maganar na fita a karkace. Ta ce, "Ya wuce, Auta. Ni ma da na buɗe baki na gaya maka dalilin kwanon. Na ga sirrinsa ne, ba nawa ba."

Injiniya ta buɗe littafi. Kwana biyu suna zaune, Yaya na lumshe ido tana ƙoƙari. Ta kan ce, "Akwai wani mai tabo a nan, yana zuwa ran Laraba... me ma yake ci?" Sai abin ya gudu. Mutum goma sha ɗaya suka samu. Dogo kuwa tun kafin su taso ya ce musu a lissafinsa waɗanda take kira ta taga sun haura tamanin.

"Na gaya muku sai na ga fuska," ta ce.

"To ki dawo ki gan su, Yaya. Wallahi gobe zan sa a fasa bangon, a mayar da allon wani wuri."

Ta ci gaba da tsifar da ta ajiye. "In ka fasa, wa zan gani ta ciki? Masu takalman nan ban san ko ɗaya ba. Nawa kuma ka ce sun daina zuwa." Ta juya kan yarinyar gefe. "Ka bar bangonka. Yaran nan ma sun saba da ni."

Ba ta dawo ba. Sukan yi waya ranar hutu, ta tambaye shi Dogo, ta tambaye shi ko yana shan maganinsa.

Gidan abincin yana nan yana ci gaba, ana ma maganar reshe na biyu, kuma wannan karon duk matakin da Injiniya ta rubuta ba ya taɓa shi. Ta ƙara wani gurbi a kwamfutar inda ake rubuta yadda kowa yake son nasa. An mayar da tebur ɗaya lungu. Shi kuma ya bar wa wani kanta, da rana yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallon fuskoki, yana ƙoƙarin riƙewa. Ya ce kansa ba irin na Yaya ba ne, yau ya riƙe gobe ya zube.

Kwanakin baya direban tanka ya shigo, bayan kusan shekara ba a gan shi ba. Tebur Ɗaya ya gane shi, ya tare shi da murna har da riƙe hannu, ya kai shi tebur da kansa. Sai da ya buɗe baki zai kira Dogo ya ga babu ta inda zai kira, kuma abin da mutumin yake ci, wanda aka rubuta a littafi a gabansa, ya ɓace masa. Ya sunkuya ya ce, "Me za a kawo maka?"

Direban ya dube shi, ya dubi bangon da allo yake bayansa.

"Shekara goma sha biyu ina cin abinci a nan," ya ce, "yau ne aka fara tambayata."

Ya faɗi abin da yake so. Aka kawo, ya ci rabi, ya yi godiya ya tafi. Tebur Ɗaya ya je kanta ya sa aka buɗe masa gurbin, ya rubuta da yatsa ɗaya, a hankali: gindin tukunya, miya a gefe. Har yanzu direban bai sake zuwa ba.